Daron Ruwa a Gaban Kakana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin Baba, ya amsa kiran Mai shi wata Laraba da hantsi, bayan 'yar jinyar da ba ta ma kwantar da shi sosai ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Tun da anka dawo daga maƙabarta gidanmu na Yelwa bai sake yin shiru ba. Maza a ƙofar gida bisa tabarmi, mata a ciki, takalma har bakin hanya. Kowa ya zo da guntun Kakan da ya sani. Wani tsohon masunci, abokinsa tun suna samari, ya ce bai taɓa ganin Kaka ya fito daga ruwa ya wuce mutumin farko da ya gaishe shi ba tare da ya miƙa masa kifi ba, ko da kuwa ranar 'yan ƙananan kifin nan, warangi, kaɗai anka samu. Matan da ke banda a bakin ruwa sunka zo a ƙungiya, da ƙamshin hayaƙi a zannuwansu, sunka ce duk ya naɗa su hajiyoyi tun kafin ɗayarsu ta ga jirgin sama. Gwaggo kuwa sai ta fara kuka, sai dariya ta ƙwace mata, sai ta koma kukan.

Can wata ta ce, "Wai ba ɗiyarku ce mai ɗaukar hoto ba? Babu hotonsa mu gani?"

Na shiga na ɗauko. Babba ne, na sa an wanke shi a Kontagora. Anka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, daga cikin gida har waje. Abokin nan nasa ya riƙe shi nesa, ya matso da shi kusa, ya ce, "Shi na, amma mi ya sa huskatai ta yi laushi awa ta mace?" Baffa ya ce a mai da shi ɗaki, ba lokacin kallon hoto ba ne, addu'a mamaci ke so. Gaskiyarsa ne. Na karɓa na mayar.

Amma maganar abokin nan ta tsaya mini a rai. Domin akwai tambaya ɗaya da Kaka ya bari a kan hoton, ya tafi ba a ba shi amsa ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya amsawa, wato yayarsa, wadda muke kira Kaka ta Wara don a garin Wara take zaune. An aika mata, amma ranar ba ta iso ba, washegari ma ba ta iso ba.

Bari in koma baya ku gane.

Ni ba wanda ya koya mini hoto. Waya ce malamata. In na samu data sai in shige ɗaki in yi ta kallon bidiyo, in tsayar, in koma baya, in sake. Da wani ɗan uwan Inna ya ba ni tsohuwar kyamararsa, kai, na kwana biyu ina yawo da ita a wuya kamar laya. Burina in buɗe situdiyo ta mata, inda amare da masu jego za su shigo su saki jiki ba namiji a wurin. Baba ya ce shirme ne. Kaka ne ya tashi daga gindin darbejiyarsa ya je ya buɗe shagon da yake ajiye tsofaffin komayen kamun kifi da gorunansa, ya yi ta fitar da su da kansa yana tari.

"Ga ɗaki nan, Amarya," ya ce. Haka yake kirana tun ina rarrafe. "Kar ki ce mijinki bai yi maki komi ba."

"Tsoho, wannan ai ɗakin ɓeraye ne."

"To ki hwara da su. Ba su da gardama."

Shi ne mutum na farko da ya zauna mini. Na kafa masa kujera jikin bango, na tsaya gabansa, na danna filasha ta fashe masa a fuska. Da na nuna wa mutanen gida sai da Inna ta zauna don dariya. Goshinsa na ƙyalli kamar gindin tukunyar da anka shafa wa mai, idanu a runtse, ga wata baƙar inuwa a bayansa kamar wani na shirin shaƙe shi. Idanun Kaka sun riga sun yi yana, ba ya gani sosai, amma ya ji dariyar.

"Mi kinka mai da ni?"

"Kyakkyawa."

"Ƙarya kike. Awa ɓarawon akuya da anka kama kasuwa, ko?"

Wallahi haka ya yi kama.

Daga nan na dukufa. Kuma don Allah ku bar ni in faɗi abin da na gano, don in ban faɗa ba zai fashe mini a ciki. Haske ba jifa ba ne. In ka jefi fuska da shi daga gaba, sai ya share komai, hanci ya kwanta, kunci ya baje, mutum ya koma kamar zanen bango. Amma ka ɗauke fitilar ka kai ta gefe, ka ɗaga ta sama kaɗan da kai, sai ka ga fuska ta taso. Gefe ɗaya haske, gefe ɗaya inuwa, kuma a kuncin da ke inuwar wani ɗan haske mai kusurwa uku ya sauka ƙarƙashin ido. Ranar da na fara ganin wannan a fuskar Kaka sai da na yi tsalle na buge kai da ƙofa. Ashe inuwa ba abokiyar gaba ba ce. Ita ce ke gina fuska.

Sai kuma taushi. Ƙwan fitila tsirara yana yanka inuwa kamar wuƙa. In ka tare shi da farin ƙyalle, sai hasken ya yi faɗi, ya kwanta a jiki a hankali. Kuma fatarmu, baƙar fata, ba ta son a yi mata ihu da haske. Tana son babban haske mai laushi kusa da ita, wanda zai zame a kanta kamar man kaɗe. Yawancin bidiyon da nake kallo ba irin fatarmu suke ɗauka ba, wannan da kaina na lalubo shi, a goshin Kaka.

Na samo kwali, na shimfiɗa takardar nan mai sheƙi a cikinsa, na sa ƙwai, na rufe bakin da farin mayafin Inna. Ya yi kyau ƙwarai, har zuwa lokacin da munka ji ƙauri. Mayafin ya ƙone a tsakiya, rami kamar bakin kofi. Inna ta biyo ni da muciya har tsakar gida. Kaka na zaune yana ta kiran, "A yi haƙuri, a yi haƙuri, matata ta," yana dariya har da hawaye. Da yamma sai ga shi da farar rigarsa ta Sallah a kafaɗa.

"Rataya wagga. Amma ki nisanta ta da wuta, ita zan sa in auro wata in kin ƙi ni."

Har yau ita ce a gaban fitilata.

Kaka mutum ne mai son zama shiru a gaban haske. Wasu in ka kunna musu fitila sai su sandare. Shi kuwa sai ya saki kafaɗu, ya lumshe ido kamar mai jin ɗumi, ya fara magana. A nan na ji labarin da ban taɓa ji ba duk zamana da shi.

A gungu anka haife shi, wani tsibiri a tsakiyar Kwara, tun kafin a tare ruwa a Kainji. Ya ce akwai giginya a bayan gidansu, da wani faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai. Innarsa ta rasu yana yaro, anka binne ta can. Ba a daɗe ba anka kwashe su zuwa tudu, ruwa ya hau, ya ci gidan, ya ci dutsen, ya ci kabarin, giginyar ce ta ƙarshe. Ya ce shekaru da yawa in ya bi ta wurin da kwalekwale yakan daina tuƙi ya leƙa ƙasa. Wani lokaci in ruwa ya kwanta sai ya ga kamar hayaƙin girki na tasowa daga can ciki.

"Hotonta fa?" na ce.

"Wa ka ɗaukar hoto gungu?"

Sai ya gaya mini abin da ya raba shi da yayarsa. A wani suna ne, da daɗewa, ana hira, ya ce innarsu doguwa ce, fara, mai wushirya. Kaka ta Wara ta aje kwanon da ke hannunta ta ce a gaban jama'a, "Wagga gwaggonmu ta kake faɗi. Kai ka mance Inna. Ka bar ta cikin ruwa." Ya tashi ya fita bai ci abinci ba. Ba wai sun yi gaba ba, ana gaisuwa ta bakin 'yan aike, tana aiko masa da shinkafa, yana aika mata da busasshen kifi. Amma bai sake taka Wara ba, ita ma ba ta sake kwana Yelwa ba. Wasu na zaton don ta auri Kirista tana zuwa coci ne. Ko kusa. Wannan maganar ce.

"Abin da ya hi ciwo," ya ce, "gaskiya tag gaya mani. In na rufe ido in nemo huskar, sai in iske babu."

Abu ɗaya ya rage masa. Wata safiya yana kwance cikin kwalekwale a bakin dutsen, innarsa ta sunkuyo kansa, haske na rawa a ƙarƙashin haɓarta, yana hawa kunci yana sauka. Fuskar ta tafi, hasken ya zauna. Kuma tsofaffin gungu duk sun sha gaya masa cewa shi ya ɗauko kamanninta.

"To ki sa mani wanga haske, Amarya. Daga ƙasa. Ko ta hito."

Nan munka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Domin duk bidiyon da na kalla bakinsu ɗaya: ba a haska fuska daga ƙasa. Na ce masa ba a yi. Ya ce a yi. Na aje fitilar a ƙasa don ya yarda, na ɗauka. Ramukan hanci sunka buɗe, inuwar kunci ta hau ido, kamar abin da ake tsorata yara da shi. Na ce, "Ka gani? Dodo ka zama. Ni na san aikina, Tsoho." Na faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda na so.

Ya laluba sandarsa ya miƙe. "Innata ba dodo ba ta," ya ce, ya fita.

Ya daina zuwa shagon. In na kai masa kunu sai ya ce, "Aje nan, malama." Malama! Gara ya zage ni. Na koma ina ɗaukar kabewa a kan kujerarsa don in gwada inuwa.

Wata safiya Inna ta aike ni bakin ruwa sayen kifi. Rana ta ɗan ɗaga, ruwa kwance kamar an shimfiɗa shi. Kwalekwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata na shiga ruwa har gwiwa suna tarye su. Wata mai goyo ta sunkuya tana zaɓar kifin karfasa a cikin wani jirgi. Sai na gani. Rana na sauko mata daga sama ta gefe, daidai inda zan sa fitilata. Amma ruwa na karɓar ranar yana mayar mata daga ƙasa, a hankali, yana yawo a wuyanta da haɓarta kamar zaren zinariya da iska ke kaɗawa. Duk inuwar da ke ƙarƙashin idonta ta narke. Na tsaya da roba a hannu, hayaniyar kasuwa ta yi nisa, kamar ni ma ina ƙarƙashin ruwan ina kallon sama. Ban san tsawon tsayuwata ba sai da mai kifi ta ce, "Ke, saye za ki yi ko aljanu sunka shafe ki?"

Ashe ba fitila a ƙasa Kaka ke nufi ba. Rana a sama, ruwa na amsa mata.

Na koma gida ba kifi. Na iske shi gindin darbejiya na durƙusa.

"Angona."

Ya kau da kai.

"Angona, na gan shi. Hasken. Yana rawa."

Ya juyo da fuska wajena. "Ba ki ce kin san aikinki ba?"

"Yanzu na sani."

Na ɗauko babban daron wankin Inna, na aje shi gaban kujera daidai gwiwarsa. Na ɗaga fitila sama ta gefe, na janye rigar Sallah ta rufe rabi kawai, yadda laushin zai sauka a fuskarsa, sauran hasken kuma ya faɗa cikin daron. Ruwan kaɗai bai mayar da komai sosai ba, sai na kwantar da farantin silba a ƙasansa. Na rataya baƙin bargo a baya. Ina cikin zuba ruwa ya ɗaga hannu.

"Wane ruwa na wanga?"

"Na rijiya."

"Zubar."

"Haba Tsoho, ruwa ai ruwa ne."

"Na rijiya bai san ta ba."

Ban yi gardama ba, na riga na koyi hankali. Na hau kabukabu, wato acaɓa, da jarka na koma bakin ruwa na ɗebo. Ɗan kabukabun ya yi ta tambaya ko magani za a haɗa.

Na rufe ƙofa da taga, shagon ya yi duhu, na kunna. Da farko ba abin da ya faru, haske ne kawai zaune. Sai Kaka ya sunkuya, ya sa yatsa ɗaya cikin daron ya motsa. Wayyo. Bangon gaba ɗaya ya fara lilo. Zaren haske sunka hau rigarsa, sunka hau wuyansa, sunka kwanta a haɓarsa suna numfashi. Ramukan tsufa sunka cike. A cikin idanunsa masu yana wasu ɗigo biyu sunka kunnu, ɗaya sama, ɗaya ƙasa yana rawa. Ya cire hularsa ya aje a cinya, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban kowa ba. Ya fara wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da Gunganci, harshen da mu jikoki ba mu iya ba sai gaisuwa. Na yi ta dannawa. Na rantse muku na ji ƙamshin jiƙaƙƙen dutse a ɗakin nan.

Da hoton ya dawo daga wanki na kai masa. Ya kai shi har bakin hanci. Ya fita rana da shi. Ya shafa shi da tafin hannu.

"Hazo kaɗai nike gani. Ta hito?"

"Kaka, ni ban san ta ba."

Ya miƙo mini shi. "A nuna ma Yaya."

Na tura wa jikarta ta waya a ranar. Amsa ta dawo cewa tsohuwa ta ce ita ba ta kallon mutum cikin abin da bai kai tafin hannu ba, in an cire albasa za ta zo da kanta ta gani. Kaka ya ji, ya yi tsaki, ya ce, "Haka take tun muna yara." Amma daga ranar duk jirgin Wara da ya shigo ranar kasuwa sai ya tambaya wa da wa sunka sauka. Ya sa anka gyara ɗakin baƙi. An cire albasa, an kai kasuwa, sai ƙafa ta kama ta. Shi kuma zazzaɓi ya kama shi.

Ranar sadakar uku ta iso. Jirgin hantsi ya kawo ta, jikarta na riƙe da hannunta. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ta ƙudundune, da ɗan gicciye a wuya. Ta yi wa maza gaisuwa a waje, ta shigo ta zauna cikin mata, anka yi ta "ya haƙuri", tana amsawa ido a bushe. Ba ta taɓa ruwan da anka kawo mata ba. Can ta ce, "Ina yarinyar?"

Na kai ta shagon. Daron na nan inda yake, ban iya ɗauke shi ba, ƙura ta kwanta bisa ruwan. Na jingina hoton a bango na buɗe taga.

Ta tsaya gabansa dafe da sanda. Ta ƙura masa ido. Ina jin muryar malamai daga waje suna addu'a.

"Hancin na Babanmu na," ta ce. "Kunnuwan ma."

Na sunkuyar da kai.

Sai ta miƙa yatsa ta taɓa haɓar, ta bi zaren hasken nan har kunci. Ta faɗi wata kalma da Gunganci, sau biyu, irin yadda yaro ke kira daga nesa. Wannan ko ban iya harshen ba na san ta: uwa take kira.

"Bakin dutse na wanga," ta ce. "Da sahe. Haka take in ta sunkuya." Ta share ido da gefen ɗankwali, ta sake sharewa. "Ja'iri. Ashe bai mance ba."

Na durƙushe a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar Laraba. Na ce, "Kaka, ya jira ki. Ya tafi bai ji ba."

Ta dafa kaina. Hannunta ba nauyi, kamar busasshen ganye. "Bar kuka. Ni nab ɓata, ni ka kai mai amsa. Ba ni da nisa da bin sawunai."

Ta juya ta laluba kujerarsa ta zauna, ta gyara zanenta, ta jawo daron da ƙafa zuwa gwiwarta.

"Ruwan Kwara na?"

"Shi ne."

"To rufe tagar. Kunna hitilar taki."

Na rufe. Na gyara rigar Sallah, na kunna. Ta sa yatsa cikin ruwan ta motsa, bangon ya fara lilo.

Allah Ka haskaka kabarin Kakana, Ka yalwata masa shi, Ka sada shi da innarsa fuska da fuska. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.